Gyarar Da Ba A Nema Ba

A Bur Sudan na fara gane cewa sunana bai biyo ni ba. A Madani ni ne Usta Abakar makanike, mutumin Wad Haddad, wanda direbobin lori da masu raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, suke jira a ƙofar rumfarsa tun kafin ya gama shan shayi. A bakin teku kuwa ni ɗaya ne cikin tarin mutanen da yaƙi ya koro, ina kwana a harabar wata makaranta da jakata a ƙarƙashin kai. Matata Hawa da 'yarmu Nafisa suna Abu Na'ama wurin mahaifinta, domin a lokacin muna zaton wutar ba za ta kai can ba. Abu ɗaya na yi mata alkawari: duk inda na sami wurin tsayawa, zan aiko a fito da su.

A nan na haɗu da wani simsar, wato dillalin biza. Jallabiyarsa fara fat, goshinsa da tabon sallah, maganarsa kamar an shafa mata zuma. Ya ce akwai gareji a Oman da ke neman ƙwararren makanike, an ma gama shirya ikama, takardar zama ke nan, sai dai kawai mutum ya sauka ya karɓa. Na sayar da injin waldana da akwatin kayan aikina, abubuwan da na ɗauko a ka daga Madani, na zube masa. Ya rungume ni ya yi mini addu'a har na ji kunyar ɗan zargin da na yi masa a zuci.

Sai da na sauka a Maskat ma'aikacin filin jirgi ya buga hatimi ya gaya mini ranar da zan fita, sannan na san bizar ziyara ce a hannuna. Lambar garejin da simsar ya rubuta mini kuwa, da na kira, wani mai wanki da guga ne ya ɗauka. Ya yi mini magana a hankali, alamar ba ni ne na farko ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a garin nan ba zafi ba ne, ko da yake zafinsa ya sa na nemi gafarar Jazira, yankinmu da Madani take ciki. Motocin ne. Na tsaya bakin titi ina kallo, babu wadda ke tari, babu wadda ke ɗingishi, babu wadda aka ɗaure ƙofarta da waya. Na ce a raina, to me makanike zai ci a garin da mota ba ta ciwo?

Na nufi Ma'abela, unguwar masu gyaran mota, na riƙa bin gareji ɗaya bayan ɗaya. Tambaya biyu ce kullum. Kana da ikama? Ka iya duba mota da na'ura? Ba ni da ta farko, ban iya ta biyu ba. Ina kwana a barandar wani masallaci. Wani mai shayi ɗan Bangaladash, wanda har yau ban san sunansa ba, shi yake tura mini kofi da burodi kowace safiya, ya juya baya kamar bai gan ni ba don kada in yi godiya. Wata rana wani mai gareji ya tambaye ni me na fi ƙwarewa a kai. Na buga ƙirji na ce taulif. Ya yi dariya har ya kira abokinsa ya zo ya ji.

Taulif shi ne duk sana'armu a Jazira. Kayan gyara ba sa zuwa, in sun zo ma sun fi ƙarfin mai mota. Saboda haka sai ka ɗauki famfon tarakta ka sa wa lori, ka yanka tsohuwar taya ka fitar da roba, ka lanƙwasa ƙarfen gado ya zama abin da kamfani bai taɓa mafarki ba. Wurin mahaifina na koya, shi da ya ƙare rayuwarsa yana tayar da injinan ban ruwa a bakin magudanan auduga. Kuma ya koya mini wani abu a kan haka. In ya gama aikin da aka sa shi, sai ya ƙara wani ɗan abu da ba a ce ya yi ba, kuma ba zai faɗa ba sai mai abin ya gani da kansa. Gyara ke nan, irin wadda mai kuɓewa take ƙara maka a kan mudu bayan ta auna. A bakinmu gyaran mota da gyarar kasuwa kusan kalma ɗaya ce, a hannun mahaifina kuwa abu ɗaya ne. Duk makaniken da ba ya yi, marowaci yake kiransa.

Da mai garejin nan ya gama dariyarsa na fito raina a ɓace. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na yi ƙwallo da wani gwangwanin mai, na ɗaga murya da Hausa na ce Allah ya isa tsakanina da simsar da duk zuriyarsa. Sai na ji gudumar da ake bugawa a garejin gaba ta tsaya.

"Wa yac cuce ka, ɗan Hausa?"

Wani tsoho ne baƙi siriri, da farin gemu, riƙe da ƙofar mota da yake miƙarwa. Kawu Idris ke nan, mutumin Mai Wurno, garin Hausawa a can Sudan, wanda ya yi shekaru a Oman yana aikin miƙe jikin mota. Ban san shi ba, bai san ni ba, amma kafin la'asar mun gano cewa kakata da wata gwaggonsa a unguwa ɗaya suka tashi. Ya kai ni ɗakinsa a bayan gareji, ya tuƙa asida da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ci ina sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

A ɗakin nan saƙon muryar Hawa ya same ni. Yaƙi ya iso wajensu. Sun bar Abu Na'ama da ƙafa, suna wani ƙauye a bakin kogi, saƙo ba ya fita sai ranar kasuwa in wani ya kawo na'urar intanet. Nafisa ta yi zazzaɓi amma da sauƙi. Ta ce suna nan lahiya lau, kada in sa damuwa. Ba ta tambaye ni yaushe ba. Wannan rashin tambayar shi ya hana ni cin abinci washegari.

Garejin na wani attajiri ne da ya tsufa ya bar wa ɗansa Salim. Kawu ya ce saura gurbin ma'aikaci ɗaya a takardunsu, kuma Salim ne kaɗai zai iya sa hannu ya zama kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana. In na sami ikama, ƙofar kawo iyali ta buɗe. In ban samu ba kafin ziyara ta ƙare, jirgi zai mayar da ni bakin tekun da na baro, ba injin walda, ba akwati.

Salim saurayi ne mai ƙarancin magana, injiniya a wani kamfani, ba ruwansa da garejin sai don abu guda. A can ƙurya akwai wata 'yar mota ja 'yar Japan, mai kujera biyu, rufinta a buɗe, gajera har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Da na fara ganinta na ɗauka ta yara ce. Kawu ya taka mini ƙafa kafin in faɗa.

Shi Salim ya bayyana mini wasan da yake yi da ita. Ba tseren da motoci ke gogayya kafaɗa da kafaɗa ba ne. Ana samun babban filin ajiye motoci, a jera 'yan robobi masu tsini kamar mazurari a kife, su zama hanya mai lanƙwasa. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo yana ƙirga mata. In ka taɓa roba ɗaya a ƙara maka lokaci. Kuma an raba motocin aji-aji. Ajinsa shi ne na motocin da suke yadda kamfani ya ƙera su. An yarda ka canza taya in dai ta titi ce, da takalman birki, da abin shanye girgiza, da mai. An yarda ka daidaita ƙafafu iya inda ƙusoshin kamfani suka kai. Ban da wannan, komai ya zama na asali. Akwai wani aji na motocin da aka yi wa tiyata, waɗanda aka fige aka ƙara wa inji ƙarfi, kuma duk wanda aka kama da ƙari a motarsa can za a jefa shi, makin da ya tara a shekara ya bi ruwa.

Saura zagaye ɗaya a rufe shekara, shi ne a gaba da ɗan kaɗan, kuma makanikensa ya koma ƙasarsu. Ya ce in shirya motar. In ta wuce bincike ta yi gudu lafiya, gurbin nawa ne.

"Kada ka ƙara komai, kada ka rage komai," in ji shi. Ya maimaita sau biyu yana kallon idona.

Na ce to. Amma ni kunnen Madani gare ni. A wurinmu duk mai mota haka yake faɗa, kuma abin da yake nufi shi ne kada ka tsawwala masa. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa ƙari ya yi fushi ba.

Aikin ya ba ni wuya ta inda ban zata ba. Hannuna yana ƙaiƙayi, doka tana riƙe shi. Na ce a cire kujerar fasinja mota ta yi sauƙi, Salim ya ce haram. Na ce in ɗan buɗe wa injin hanci ya sha iska, ya ce haram. Na ce in ɗaura ƙarfe tsakanin kafaɗunta biyu don ta daina murɗewa a kwana, ya ce wannan ma aji na gaba ne. Har na kasa daurewa na tambayi Kawu da Hausa, wane irin tsere ne wannan da ake hana mota gudu? Ya ce in rufe bakina in ɗaure ƙusa. Na sa tayoyin da ya kawo, na canza takalman birki da ruwansa, na zuba sabon mai, na daidaita ƙafafun da zare da ma'auni har sai da Salim ya gwada da na'urarsa ya gyaɗa kai.

Abu na ƙarshe shi ne jilba. Zoben roba ne mai kauri da ke zama a gaɓar ƙafar mota, tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na bayan motar sun tsufa sun tsage, sai Salim ya kawo sababbi na kamfani a cikin kwalinsu. Na danna ɗaya da babban yatsa na ji ya lotsa kamar tuwon safe. Na ce wannan ne zai riƙe mota a kwana? A bayan gareji akwai wata tsohuwar tayar lori. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, na zauna da wuƙa da dutsen wasa na yanko guda huɗu daga inda robar ta fi tauri, na goge su, na huda, na danna su a gurbinsu. Sun zauna kamar a nan aka haife su. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Sababbin kuwa na zuba su a gwangwanin madara na rufe, domin a Jazira ba a ɓata sabon abu in akwai dabara, ajiye shi ake yi don ranar tsiya. Niyyata in ya ci kofi in miƙa masa gwangwanin in ce ga kayanka, ko taɓa su ban yi ba.

Kawu ya fito ya tarar da ni ina share ɓarɓashin taya. Ya duba ƙarƙashin motar ya duba ni.

"Abakar, ka hwaɗa mishi?"

"Kawu, gyara ta. Yaushe anka hwara shelar gyara?"

Kawu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Sannan ya ce shi dai jikin mota ya sani, bai san dokar wasansu ba, amma ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Na ce masa alheri ko'ina alheri ne. Da yamma Salim ya zagaya da motar ya dawo yana murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce bayanta ya kama ƙasa kamar an manna shi. Na ji kaina ya yi girma har na aika wa Hawa saƙo cewa ta fara ɗaure kaya.

Ranar wasan muka isa filin da sassafe, ni da Kawu a motar kayan aiki, gwangwanina a jaka. Kafin a fara, kowace mota sai ta bi ta hannun mai bincike. Wani dattijo ne mai tabarau, da tocila da ɗan madubi a kan sanda. Ya duba birki, ya jijjiga batir, ya karanta jikin taya. Sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta ta baya. Ya daɗe. Na ji ƙarar sukundireba yana kankarar wani abu. Ya fito ya kira wani, shi ma ya kwanta. Kafin ka ce me, mutane sun kewaye motar, ana miƙa tocila hannu zuwa hannu. Zaren da ke cikin tayar lori ne ya leƙo a gefen jilba ɗaya.

Ban ji duk abin da ake faɗa ba, Larabcinsu yana da sauri, amma kalma ɗaya ta fito sarai daga bayan taron. Mai maguɗi. Da Salim suke. Na dubi fuskarsa na ga jini ya bar ta. Bai dube ni ba, ya tsaya riƙe da hular kwanonsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ni da aka cuta a Bur Sudan, ni da na kwana a baranda saboda maguɗin wani, yau aikin hannuna ake kira maguɗi. Zuciyata ta taso. Na kutsa tsakiyarsu na ɗaga murya da Larabcinmu na Sudan, na ce mutumin nan bai sani ba, ni na yi, kuma ban yi don cuta ba. Na zazzage gwangwanin a kan bonet, sababbin jilba huɗu suka gangaro. Na ce wane ɓarawo ne yake yawo da shaidarsa a jaka? Wasu suka yi dariya. Dattijon ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce ya yarda da ni, amma shi mota yake bincika ba zuciya ba. In na asali suka koma gurbinsu kafin a rufe zagayen ajin, Salim zai shiga ya yi abin da ya rage. In ba haka ba, sai aji na gaba.

A gareji, da injin matsa ƙarfe, aikin nan na rabin yini ne. Ni kuwa ina kan kwalta, rana ta fara hawa, ba ni da komai sai jak ɗaya da doguwar ƙusa da 'yan kofunan sifana. Na kwanta. Kwaltar ta ci bayana ta cikin riga. Na kwance ƙafar farko, na zura ƙusa ta tsakiyar jilbar, na sa kofi a gefe ina ɗaurewa don ya turo ta waje. Ta ƙi motsi. Na yi aikin da kyau, shi ne abin da ya kashe ni. Na ja har ƙusar ta tsinke, na nemo wata, na koma da wuƙa ina yanka robar da na kwashe tsakar rana ina gogewa. Wuƙar ta zame ta shiga tafin hannuna. Na naɗe da tsumma na ci gaba.

Ina jin motoci suna shiga ɗaya bayan ɗaya, taya tana kuka, ana kiran lokaci a lasifika. Duk kiran da aka yi sai in ji kamar an rage mini tsawon hanyar da ke tsakanina da Hawa, amma ta wajen da ba na so, ta jirgin da zai mayar da ni. Kawu ya tsaya a kaina da faffaɗan kwali yana yi mini inuwa, tsoho da shi. Waya ta yi motsi a aljihuna, na san ranar kasuwa ce a can, ban iya taɓa ta ba. Ina cikin haka na ga an turo wani jak ƙarƙashin motar an ɗaga ɗaya gefen, an ajiye gorar ruwan sanyi kusa da kaina. Na leƙo na ga mutumin da ke bin Salim a maki ne, wanda faɗuwarmu ribarsa ce. Ya juya ya koma wurin motarsa.

Ban san yadda na gama ba. Na san dai ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Dattijon ya sake kwanciya da tocilarsa, ya fito ya ɗaga hannu. Amma sauran sun riga sun yi zagayensu sau da yawa sun san hanya, Salim kuwa shiga ɗaya ta rage masa, kuma ban sami lokacin sake daidaita ƙafafun ba. Ya tashi da kyau. A kwana ta ƙarshe bayan motar ya zame, ya kwashe roba ɗaya, na ga ta yi sama ta faɗo. Kofin ya tafi wurin mai jak.

Salim ya fito daga fili bai tsaya ba. Ya wuce mu da motarsa ja, ya bar ni zaune a kwalta da tsumma a hannu. Sai a lokacin na buɗe saƙon. Hawa ta ce hanyar gabas ta buɗe, lori yana zuwa Gadarif, amma ba a san kwana nawa za ta yi a buɗe ba. Ta ce ta ɗaure kaya kamar yadda na ce. "Mu taho, Abakar? In mun taho, ina za mu?" A bayan muryarta ina jin Nafisa tana tambaya ko Baba ya sami gidan.

Na mayar da wayar aljihu. Me zan ce?

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni a duk tafiyar. Salim bai zo gareji ba, bai ɗauki wayar Kawu ba. Ranar fitata tana matsowa. Na yi tunanin in ɓace cikin gari in zauna ba takarda kamar yadda wasu suke yi, Kawu ya ce in na yi haka na rufe wa iyalina ƙofa da hannuna. Na yi fushi da simsar, na yi fushi da dattijo mai tocila, na yi fushi da duk wanda ya ƙirƙiro wasan da ake hukunta mutum don ya ƙara inganci. Har mahaifina na yi wa fushi a kabarinsa, sannan na nemi gafara. Na wanke rigata ɗaya na ninke, na je na yi wa mai shayi sallama, ya girgiza kai ya tura mini kofi.

Ana saura kaɗan sai ga jar motar a ƙofar gareji da hantsi. Salim ya fito ya tsaya nesa da ni. Ya ce tambaya ɗaya ta kawo shi: ya faɗa mini sau biyu, me ya sa na yi? Na buɗe baki na rasa Larabcin da zai ɗauki maganar. Kawu ne ya ajiye guduma ya yi masa bayanin mai kuɓewa da mudunta, da yadda a wurinmu hannun da ya ba ka daidai abin da ka biya ake ganinsa busasshe. Salim ya saurara har ƙarshe.

"Ni ban zo sayen kuɓewa ba," in ji shi. "A filin nan duk abin da muke da shi shi ne kowa ya yarda motar ɗan'uwansa tana yadda ya ce take. Da ban ci kofi ba har abada ya fi mini sauƙi da kalmar da aka kira ni."

Ya ce maganar da na yi a gaban mutane ta wanke shi, ko da yake yanzu suna kiransa mai takalmin lori. Sannan ya dube ni.

"Za ka iya yin aiki daidai yadda aka ce? Ba ƙari, ko da ka san ƙarin ya fi?"

Tun da na bar gida ba a yi mini tambayar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Na ga mahaifina durƙushe a bakin magudana yana ɗaure wata ƙusa da ba a sa shi ba. Na ji muryar Nafisa tana tambayar gida. Na ce zan iya.

Ya sa hannu a ranar. Ya ba ni abin da ya yi alkawari cif, bai ƙara ko murmushi ba, ni ma ban sa rai ba. Da yamma na aika wa Hawa kalma ɗaya, na ce su taho. Na koma ƙarƙashin jar motar na daidaita ƙafafunta iya inda ƙusoshin kamfani suka kai, na tsaya a nan. Akwai wani ɗan ƙarfe da na ga zai so a ƙara masa walda. Na kalle shi, na goge hannuna na fito.

An ɗauki watanni kafin su iso, ta Gadarif, ta Bur Sudan, ta layukan da ni ma na sani. Hawa ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Nafisa ta ɓuya a bayanta, sai da na yi mata waƙar da nake yi mata tana jaririya sannan ta yarda ni ne.

Washegari na kai su kasuwa don Hawa ta yi girkinta na farko. Ta zaɓi tumatir ɗaya bayan ɗaya yadda ta saba. Mai kayan ya ɗora a sikeli mai lambobi, ya ga ya ɗan haura, ya cire ƙarami ɗaya ya mayar cikin kwando, ya zuba sauran a leda ya miƙa mata. Hawa ta karɓa ta tsaya. Ta buɗe bakin ledar da hannu biyu tana jira, tana yi masa murmushi. Mutumin ya dube ta, ya dubi na bayanta a layi.

"Ba shi yin gyara?" ta tambaye ni a hankali.

"Nan ba a yi, Hawa."

Ba ta gane ba, ta ci gaba da riƙe ledar a buɗe. Na karɓe ta daga hannunta na ƙulle bakin da kaina.